Kwandon da Na Goge a Kalgo

Duk hutun makaranta sai samari sun cika mini bakin shago a nan Gwandu, wai sun zo koyon haɗa dish. Kowa da wayarsa a hannu, ya riga ya kalli yadda ake yi. Wani ma har gaya mini yake yi, "Baba Sambo, ai sati guda ya isa, ɗaurin noti na kawai." In na ji haka ba na musu. Sai in buɗe masa tafin hannuwana in ce ya duba. Sumul suke kamar bayan cokali, babu zane ko ɗaya, har injin ɗaukar hoton yatsa ya gaji da ni. Yawancinsu sun ɗauka walda ce ta cinye su. Shekara arba'in ina walda ba ta yi mini haka ba. Rana ce, kuma ni na gayyato ta da hannuna.

Abin da kuke kira dish, mu kwando muke ce masa, don a zamaninmu kwandon ne da gaske: babba, na raga, sai mutum huɗu sun ɗauka. A wurin Maigida Ladan na koya, Allah ya jiƙansa. Maƙeri ne ɗan maƙera. Da walda ta zo ya kama ta, da kwanduna suka zo ya samo guda ya kwance shi ƙarfe-ƙarfe a tsakar gida, ya zauna yana kallonsa kwana biyu, rana ta uku ya ƙera nasa. Shekara uku na yi ina yanka da zarto ina kankare tsatsa kafin ya bar ni na taɓa injin. Kwando na farko da na sa wa hannu na wani Alhaji ne mai fataucin shinkafa a Dalijan. Haƙarƙari goma sha biyu, wato ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke riƙe ragar, kowanne sai an bi shi da guduma a kan wani katako da Maigida ya sassaƙa ya zama ma'auni. Guda ɗaya ya kauce da kaurin yatsa, na ce ai ba wanda zai gani. Da muka kafa, talabijin ɗin Alhaji ya yi ta zubar da yayyafi, ba hoto ba dalili. Maigida sai ya sa na sauko da kwandon ni kaɗai na sake shi daga farko.

Dokoki biyu ya bar mana, ku riƙe su, don a kansu labarin nan yake. Ta farko, aiki ba ya fita hannunmu sai an yi masa abin da yake kira wankan amarya. Ƙofa ce, ko tukunya aka kawo faci, ko sandar kwando, sai an sa toka da lemun tsami da soson ƙarfe an goge har ya ɗauki ido. Ya zo ya leƙa, in bai ga fuskarsa a ciki ba ya ce, "Ba a gama ba." Mutanenmu kuwa haka suke so, abin da ba ya ƙyalli a wurinsu ko tsoho ne ko an yi musu algus. Ta biyu, duk wanda zai hau sama, maigida ne ke ɗaure shi da igiya, ƙullin kuma a baya yake yinsa, tsakanin kafaɗu, inda hannun mai shi ba ya kaiwa. Dalili, wani ma'aikacinsa ya taɓa kwance kansa don ya miƙa ya ɗauko sifana, ya faɗo daga kan bene, bai ƙara taka ƙafarsa ba. Tun daga ranar, wanda ya ɗaura shi ke kwancewa.

Sai shekarar da ƙananan dish suka shigo, 'yan farare kamar faranti, a cikin kwali, mutum ya rataya a babur ya je ya kafa da kusa huɗu. Damina guda aka daina nemanmu. Na ga wani kwandon da na ƙera a Dalijan an kife shi a kan 'yan tsaki saboda shaho. Muka koma ƙofa da taga da gyaran amalanke. A shekarar ce Maigida ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Ya kira ni, ya kama hannun ɗansa Bello ya sa a cikin nawa, ya ce, "Sambo, ga ƙanenka. Ka san shi ba ya da baki, ko wuta yat taka ba ya hwaɗi. Kai za ka riƙa ji mai." Na ce na karɓa. Bello kuwa haka yake har ya girma ya yi iyali: hannu mai kyau, ya fi ni iya ƙaramin aiki, amma ka yini da shi ba ka ji kalma goma ba.

Na yi furfura ina ƙera ƙofofi, sai wata rana ga Dakta Balkisu. 'Yar nan garin ce, gidan malamai, na san mahaifinta. Ta yi karatun taurari a waje ta dawo tana koyarwa a Kalgo. Ta gaishe ni har ƙasa, ta ce an gaya mata ni kaɗai na rage cikin masu lanƙwasa haƙarƙarin kwando da hannu, ita kuwa babba take so, faɗin ƙafa ashirin.

Na ce, "Wace tasha ta wagga, Dakta?"

Ta yi dariya ta ce, "Ba tasha ba ta, Baba, kumbo na. Ya wuce wata, shina can wajen duniyar Mars shina aiko magana gida. Waɗanda sunka aika shi suna da kwanduna awa gidan sama. Ni dai so nike ɗalibaina su ji shi da kunnensu, nan ƙasarmu, da kwandon da mutanenmu sunka ƙera. In mun iya saurare, wata rana sai mu yi magana."

Na tambaye ta ko muryarsa na da ƙarfi. Ta ce in sauro ya yi kuka a Sakkwato ka ce za ka ji shi daga Gwandu, to wannan ya fi sauƙi. Daren nan ko abinci ban ci sosai ba, don na san ta kawo mini aikin da ya fi ni, kuma na san ba zan iya cewa a'a ba.

Wata bakwai muka yi a kansa, a wani fili bayan garin Kalgo. Haƙarƙari ashirin da huɗu, kuma wannan karon kuskuren da aka yarje mana ba kaurin yatsa ba ne, kaurin ƙwayar gero ne. Da sassafe muke awo da zare da tef, don in rana ta yi, ƙarfe miƙewa yake yi ya yi maka ƙarya. Kwandon talabijin kafa shi ake yi ya kalli wuri guda har ya ruɓe, wannan kuwa sai ya riƙa juyawa yana bin kumbon, don fitowa yake yi yana faɗuwa kamar tauraro. Saboda haka muka zuba masa gindin kankare, muka ɗora shi a kan ginshiƙi mai tsayin mutum biyu, da haƙoran juyawa da manyan kusoshi biyu na kullewa. Manoman Wurogauri ne suka yi mana kwaɓin siminti, tun da rani ne ba aikin gona, babbansu wani dattijo Malam Jabbi. Maimakon raga, Dakta ta kawo falankin alminiyam, muka yanka shi kamar yankan kankana muka jera. A tsakiya muka bar 'yar ƙofa ta shiga daga ƙasa. Daga baki kuma ƙafafu uku za su tashi su haɗu a sama kamar duwatsun murhu, a nan ake ɗaura wani gwangwani da muke kira kunne, inda duk abin da kwando ya tara yake taruwa.

Ana saura kwana goma a gama, Dakta ta yi tafiya. Kafin ta tafi ta ce mini, "Baba, alminiyam ɗin ga a bar shi yadda yake. Akwai fenti hwari da ba ya ƙyalli, shina tahe. Kada a yi mai komi sai ya iso." Na ce to. Ba ta faɗi dalili ba, ni kuma ban tambaya ba, don a raina cewa na yi yarinyar nan ta san taurari amma ba ta san yadda ake miƙa aiki ba. Falankin ya yi duhu, ga tabon hannu, ga zanen alli. Aikin da ya fi kowane girma a rayuwata, in miƙa shi haka kamar tsohon kwanon awaki? Matambayi ba ya ɓata, in ji mutane, ni kuwa girman kai ya hana ni zama matambayi. Na sa aka sauko da yankunan ɗaya bayan ɗaya zuwa rumfa, aka kawo toka da buhun lemun tsami, muka zauna kwana uku muna gugar su. Da muka mai da su, na leƙa na ga fuskata har da furfurar gemu. Na ce Allah ya jiƙan Maigida, yau an gama.

Bazara ce, irin wadda tun hantsi ƙarfe ba ya taɓuwa. Al'adarmu a irin wannan lokaci mu sauka kafin sha ɗaya, sai la'asar mu koma, don haka babu wanda ya taɓa zama cikin kwandon da tsakar rana. Mun kulle shi yana kallon sama sak, kamar an ajiye akushi, don haka ake yi in za a shiga ciki. Da la'asar ɗin da muka ɗora ƙafafun nan uku na tsinci kurciya matacciya a ciki, gashin cikinta a babbake. Na jefar da ita na ce shaho ne ya yar. Ban tsaya na tambayi kaina tun yaushe shaho ya fara gasa nama ba.

Washegari Dakta ta bugo waya ta ce ta dawo, za ta iso bayan azahar da baƙi. Saura ɗaura kunne kawai. Na ce to yau ba hutun rana, a gama kafin su zo. Bello ne mai ƙaramin aiki, shi zai hau. Muka gitta katako a tsakanin ƙafafun, ƙasa kaɗan da inda suka haɗu, ya zauna a kai, na ɗaure shi da igiyar roba, na yi ƙullin Maigida a bayansa, na ja na tabbatar. Ya sa baƙin gilashin walda saboda hasken, amma notocin kunnen ƙanana ne, ba ya ganinsu, sai ya ture shi goshi. Na sauko na tafi gyara wurin da baƙi za su tsaya.

Wajen sha biyu na ji muryarsa daga sama. "Yaya, akwai zahi nan bisa."

Na ɗaga murya na ce, "Bazara ta, Bello, ƙasa ma ba sanyi muka sha ba. Yi haƙuri ka ƙarasa."

Ya ci gaba da ɗaurin notocinsa. Mutumin da ubansa ya ce ko wuta ya taka ba ya faɗi, ya buɗe baki ya faɗa, ni kuma da aka ce in riƙa ji masa na mai da shi wasa.

Na ɗauki buta zan yi alwala kafin lokaci. Na ajiye ta a ƙasa, sai na ga ba ta da inuwa. Na dubi ƙafafuna, tawa ma ta shige ƙarƙashina. Kun san akwai 'yan kwanaki a bazara da rana ke bi ta tsakiyar ka daidai, malaman da ke duba zawali sun san su. Ina tsugune sai na ji ƙauri. Na ɗaga kai. Ƙafar kwandon ta yamma tana hayaƙi, akwai wani farin haske a jikinta da ido ba ya iya kallo, kuma ya matso kusa da inda Bello yake. A nan ne kaina ya buɗe. Kwando ba ya zaɓen abin da zai tara. Duk abin da ya faɗo masa daga inda yake kallo, wuri guda yake kai shi, wurin kunne. Na yi masa madubi mai faɗin ƙafa ashirin, na kulle shi yana kallon inda rana za ta tsaya, na ɗaure ɗan Maigida a kan murhun da ƙullin da ba zai iya kwancewa ba.

Na kira shi, "Bello!" Kansa ya langaɓe a kan ƙirji, hannunsa ɗaya yana baya, yana neman ƙullin. Katakon da yake kai ya fara baƙi.

Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, kuma ba na fatan maƙiyina ya ji. Salati ma ya ƙi fita daidai. Wani ya ce a juya kwandon. Kusoshin kullewa ni na ɗaure su da babbar sifana, kafin a cire su an yi minti goma, rana kuwa tafiyarta take yi a hankali, ba ta jiran kowa. Malam Jabbi ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya nuna ramin da suke kwaɓa, inda ruwan wankin shebur ya taru ya zama taɓo, ya ce, "Sambo, mu watsa mai laka! In ya bar ƙyalli ya bar ƙuna!"

Zan gaya muku abin da ban taɓa gaya wa Bello ba. Da Malam Jabbi ya faɗi haka, sai da wani abu a cikina ya ce, kwana uku fa kuka yi kuna goge shi. Ƙiftawar ido ce, ba ta fi haka ba, amma ta faru, kuma har yau ita nake tsoro fiye da ranar kanta. Sannan na yi ihu na ce ku watsa.

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Allah ya sa ba mu kwance itatuwan hawa da ke kewaye da bakin kwandon ba. Mutanen Wurogauri suka jeru, kwanon kwaɓi yana bin hannu yana hawa, na sama suna juyewa, laka na gangarowa. Wasu suka tuɓe riguna suna jefawa, wani ya jefa tabarmar salla. Ni na jiƙa buhu na rufa a ka, na hau tsani na shiga ta 'yar ƙofar tsakiya. Ciki kamar an buɗe tanda. Na rufe ido na lalubi ƙafar yamma, don ita ta fi kusa da bayansa, na kama ta na fara hawa. Na ji tafin hannuna na manne wa ƙarfe, na ji ƙaurin kaina, amma in na saki ba mai hawa sai ni, ni na ɗaura. Da na kai, ƙullin ya narke ya zama dunƙule guda. Na zaro wuƙa na yanke igiyar, Bello ya faɗo a kafaɗata, muka sulalo tare cikin laka.

Ya rayu, alhamdu lillahi. Wata biyu ya yi a asibiti. Cinyoyinsa da ƙafafunsa sun warke da tabo, don daga ƙasa zafin ya zo masa. Amma ya yi ta duban ƙasa yana neman inda zafin ke fitowa, gilashi kuma na goshi. Idon dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu sai haske da inuwa. Akwai karin maganar nan ta neman gira da rasa ido, har yau in wani ya faɗe ta a gabana tashi nake yi in bar wurin.

Dakta ta iso ta tarar da kwandonta ya sha laka, an tafi da Bello, ni ina zaune hannuwa cikin bokitin ruwa. Ta sallami baƙin daga bakin hanya. Ta tsuguna gabana tana hawaye ta ce, "Baba, da na hwaɗa maka dalili." Na ce, "Kin ce a bari, Dakta. Wanda anka ce ya bari bai bari ba, shi ad da laihi." Da hannuwana suka yi sauƙi na je na gaya wa mahaifiyar Bello da bakina, ban rage komai ba sai ƙiftawar idon nan. Ta saurare ni har na gama, ta ce Allah ya kiyaye gaba, ta juya fuskarta bango.

Bayan damina aka wanke kwandon, aka bi shi da takardar kankara aka kashe ƙyallin, aka shafa farin fentin nan, ya fito dusu-dusu kamar bangon da aka yi wa farar ƙasa. Wata rana Dakta ta aiko mota ta ce mu zo, ni da Bello. Muka yi la'asar a gindin ginshiƙin, muka shiga ɗakin na'urorinta. Ɗalibai sun cika suna kallon wani siririn layi a allo. Ta ƙara murya, sai ga wani fito, siriri, ba ya yankewa. Ta ce muryar nan ta baro kumbon tun muna alwala, sai yanzu ta iso.

Bello ya karkata kai ya daɗe yana saurare. Can ya ce, "Kwandon shina ji da kyau, Yaya. Haƙarƙarin sun zauna." Ya lalubo hannuna ya ce in kai shi waje. Muka tsaya a ƙarƙashin kwandon, ya ɗaga fuska.

Ya ce, "Yaya, in ka leƙa kana ganin huskarka ciki?"

Na ce, "Ba ni gani, Bello."

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "To ni ma ban gani ba. Mu ce an gama."

Tun daga ranar ban ƙara goge ƙarfe ba, kuma ban ƙara yi wa kowa ƙulli a baya ba. In mai aiki ya ce a bar abu, sai na ji dalili kafin in ɗauki guduma. In na sama ya ce akwai zafi, saukowa zai yi, ko sarki ke tafe. Wanda ke son koyo a cikinku, ba sati guda ba ne, amma ƙofa a buɗe take. Sai dai kafin ku taɓa sifana, ku fara zuwa ku gaida Malam Bello, ga shi can kan benci yana ware notoci da yatsa. Ku matsa kusa, kowa ya faɗi sunansa, don ba zai gane ku daga nesa ba.